Cokalin Yaya da Maruƙa Ashirin da Uku

Yayana ya yi shekara goma sha tara yana shayar da maruƙan wani, kuma ranar da aka sallame shi ko sannu ba a yi masa ba, ɓarawo aka kira shi. Ni ce ƙanwarsa, autar ɗakinmu. Ɗinki nake yi, kuma duk wanda ya san ni ya san ba na iya haɗiye magana. Tunda shi ya ƙi buɗe baki, ni zan faɗa. In ya ji haushi ya san inda kekena yake.

A gonar madarar da ya yi aiki ba mai kiran sa da sunansa na gaskiya. Cokali ake ce masa, na baya su ce Baba Cokali. Sunan ya samo asali ne daga wani ɗan cokalin awo na ƙarfe mai dogon hannu, wanda yake naɗewa cikin farin ƙyalle ya sa a aljihun ƙirji. Ba ya cin abinci da shi, ba ya ba da aronsa, ba ya barin sabulu ya taɓa shi, sai dai ya ɗauraye shi da ruwan da aka tafasa ya huce. Wata rana 'yarsa, lokacin tana ƙarama, ta zaro shi daga rigarsa ta ɗebi sukari. Mutumin da ban taɓa jin ya ɗaga wa ko akuya murya ba, ranar sai da maƙwabta suka leƙo ta katanga.

Mahaifinmu ya rasu Yaya yana aji biyu a sakandare, mu huɗu a bayansa. Ya ajiye littafi ya shiga dako, ya yi wankin mota, ya yi gadin wani shagon taya har sauro ya kusa ƙarar da shi. Shi ya saya mini keken ɗinkina na farko, tsoho mai tsallake zare, amma da shi na tsaya da ƙafata. Yana da shekara ashirin da bakwai ya samu aiki a gonar, aikin kwashe kashi a rumfar maruƙa. Mahaifiyarmu ta yi murna sosai, don aƙalla akwai albashi ƙarshen wata.

Wanda bai taɓa shiga irin wannan gona ba, bari in gaya masa yadda take. Saniya in ta haihu, kwana uku ake barin ta da ɗanta. Daga nan ita ta koma wurin tatsa, shi kuma a kai shi rumfa a koya masa shan madarar gari a bokiti. Ɗan da aka cire daga nonon uwa da wuri cikinsa ba shi da ƙwari, abu kaɗan sai zawo. Kuma zawon maraƙi ba abin wasa ba ne. Yau ka gan shi yana tsalle, jibi idonsa ya faɗa, gata a ja shi da igiya zuwa bayan shinge. A shekarun farko na Yaya, kowace damina sai sun binne goma sha wani abu. Dabararsu ɗaya ce, a zuba maganin kashe ƙwayoyin cuta a madarar kowa, mai lafiya da marar lafiya, kullum. Tun maganin yana aiki har ya zo ya daina.

Sai Mai Gona ya ɗauko wata likitar dabbobi, 'yar gajeruwar mata mai takalman robar da suka yi mata yawa. Ita ta zo da wani gari na daban, ba na madara ba. Fari ne, a cikin ƙananan ledoji masu ƙyalli, a firji ake ajiye shi. Ta duba ma'aikatan rumfar su biyar ta zaɓi mai kwasar kashi, wai don shi kaɗai ta ga yana tsayawa ya duba abin da yake kwashewa.

Ranar da ya fara zuwa mana da labarin ina cin abinci ne a tsakar gida.

"Auta," ya ce, "kin san cikin maraƙi kamar gidan haya ne mai ɗakuna da yawa? In mutanen kirki suka cika ɗakunan, ɗan iska ba ya samun inda zai shimfiɗa tabarma. Maganin da muke ba su kowa yake kora, da na kirki da na banza, a bar gida wayam. Wannan garin kuwa mutanen kirkin ne ake ƙara musu a hanji."

"Mutane a cikin leda?"

"Ƙwayoyi ne, ido ba ya ganin su. Amma suna da rai. Barci suke yi, in sun shiga ciki su farka."

Na ce masa to ya gaishe min da su in sun farka, ya kuma bar ni in ci abincina lafiya. Bai yi dariya ba. Tun daga ranar Yaya ya ɗauki garin nan a matsayin abu mai rai da aka ba shi amana, kuma daga nan duk abin da ya same shi ya faro.

Aikin ba shi da wuya, jira ne da shi. Garin madara ba ya narkewa da kyau sai da ruwan zafi, su kuwa ƙwayoyin ruwan zafi kashe su yake yi. Don haka sai a dama madara da zafinta, a jera bokitai, a tsaya. Yaya yakan wanke hannu har dantse, ya tsoma gwiwar hannunsa. In bai ji zafi ba, bai ji sanyi ba, to ta yi. Sannan ya ɗebi cokali ɗaya daidai baki, ba ƙari ba ragi, ya dama a ɗan kofi, ya juye a bokiti, ya motsa, ya wuce na gaba. Haka zai bi bokiti sittin. Jiran kaɗai yakan ci rabin awa, maruƙa suna ta kuka, shi ko a jikinsa.

Cikin shekara biyu aka daina zuba wancan maganin sai ga wanda ya kwanta da gaske. Damina ta zo ta wuce an binne biyu, wata ta zo an binne ɗaya. Da Likita za ta bar gonar, ta ciro cokalinta na awo ta miƙa masa a gaban kowa ta ce, "Riƙe, kai ne likitansu yanzu." Ina jin duk rayuwar Yaya ba wanda ya taɓa ba shi abu a gaban jama'a sai ranar.

Shekarun da suka biyo baya su ne masu daɗin. Ya yi aure, ya haifi uku, ya kama ɗaki biyu da ɗan tsakar gida. Mai Gona in ya kawo baƙi sai ya ja su rumfar maruƙa, ya dafa kafaɗar Yaya ya ce, "Wannan shi ne sirrinmu." Sirrin nan dai a keke yake zuwa aiki, ruwa ko rana, amma yana dawowa gida da fara'a. Matarsa takan ce da za a tambaye shi ranar haihuwar 'ya'yansa sai ya yi inda-inda, amma ya san wace maraƙa ce ta yi kashi mai ruwa ranar Talata. Shi kuma ya ce ai 'ya'yansa suna da uwa.

Sai Mai Gona ya tsufa, ya fara yawan zaryar asibiti, ya damƙa gonar a hannun mijin 'yarsa. Manaja ake ce masa. Zan yi masa adalci ko da ba na so: ba wawa ba ne, ba kuma malalaci ba. Ya gyara rufin da ya yi shekaru yana yoyo, ya sa fitilu, ya raba wa kowa takalman aiki. Abu ɗaya ne idonsa ba ya iya ɗauka, ya ga mutum a tsaye ba ya yin komai. Kwana uku ya yi yana kallon Yaya a gaban bokitai yana jiran madara ta huce, shi kuma yana duba agogo. Rana ta huɗu ya ce an gama wannan.

Ya sayo tanki. Babba ne na ƙarfe, yana dafa ruwa da kansa, yana da fanka a ciki mai juya madara, da dogon tiyo da ake ja layi-layi ana tsiyaya wa maruƙa. Umarni ya fito: da ruwa ya yi zafi a zuba komai lokaci ɗaya, garin madara da garin leda, a kunna, a tafi wani aikin kafin ta huce. A wannan watan kuma ya ƙara maruƙa daga sittin zuwa casa'in a rumfa ɗaya, ya kwashe sauran ma'aikatan ya mayar wurin tatsa. Aka bar Yaya da Dogo, abokin aikinsa na shekara goma sha ɗaya, wanda aka ba jan tiyo.

Sau biyu Yaya ya yi magana. Na farko a ofis, yana tsaye daga bakin ƙofa.

"Ranka ya daɗe, garin nan ba ya son zafi. In aka zuba shi tun farko mutuwa yake yi."

"Wa ya gaya maka?"

"Likita ce ta koya min."

"Likitar da ta bar nan tun ina makaranta? Baba Cokali, karen bana shi ke maganin zomon bana. Je ka yi aikinka."

Maganar tana rubuce a jikin kwalin garin, ƙananan haruffa, da harshen da Yaya ba ya karantawa. Manaja yana karantawa, amma wa zai tsuguna ya karanta kwali don mai kwasar kashi ya yi magana?

Na biyun a rumfa ne, gaban ma'aikata. Yaya ya roƙa a bar shi ya riƙa zuba garin a ƙarshe, in madara ta huce. Manaja ya ce ba zai yarda a riƙa buɗe masa tanki ana tsoma gwiwar hannu ba, nan gona ce ba wurin wankan jariri ba. Aka yi dariya. Ya ƙara da cewa duk wanda ya sake kawo masa zancen nan, ƙofa a buɗe take.

A nan ne Yaya ya yi abin da har gobe in na tuna sai raina ya ɓaci, da su da shi duka. Kowace safiya mai sito yakan ba shi leda shida ya sa hannu. Sai ya riƙa farke uku ya zuba a tanki don a ga ya bi umarni, ya soke uku a aljihu. In an tafi hutun karin kumallo shi ba ya tafiya. Ya ɗebi ruwa mai ɗumi a kofi, ya zaro cokalinsa, ya bi layin jikin bango inda ake ajiye ƙanana da raunana, ya ɗura musu ɗaya bayan ɗaya. Lokacin hutun ba ya isa ya wuce talatin. Bai gaya wa matarsa ba, bai gaya min ba. Dogo kaɗai ya gani, ya kau da kai. Da na tambayi Yaya daga baya me ya hana shi aika wa Mai Gona, ko ya kira wani shaida, sai ya ce, "Hannuna ne ya ƙi, Auta. Kullum in zuba su a wuta ina sane?" Kun ji fa. Mutum mai 'ya'ya uku ya sayar da rufin asirinsa saboda tausayin abin da ido ba ya gani.

Damina ta sauka. Maruƙa casa'in a wurin sittin, shimfiɗarsu ba ta bushewa, tiyo ba ya samun wankin kirki don aikin ya fi ƙarfin mutum biyu. Yaya da kansa bai taɓa cewa garin ne kaɗai ba. Cewa yake ɓarayi sun yi yawa a unguwa, su Manaja kuma suna kashe mai gadi a bakin ƙofa kowace safiya. Zawo ya shiga layin tsakiya, ya tsallaka na gaba. Cikin kwana goma sha biyu aka ja maruƙa ashirin da uku zuwa bayan shinge. A kwanakin nan Yaya ya rame, in ya dawo ba ya iya cin abinci, warin rumfar ya kama kayansa har matarsa ta daina wanke su tare da na yara.

Mai Gona ya dawo daga asibiti ya tarar da ramuka. Dole a samo mai laifi, laifi kuwa tudu ne, kowa ya taka nasa ya hango na wani. Ranar Laraba da hantsi Manaja ya tara ma'aikata a fili ya ce kowa ya juye aljihunsa. Na Yaya ya fito da leda uku cike, da cokali a cikin farin ƙyalle.

"To ga shi," in ji Manaja. Ko murya bai ɗaga ba. "Muna saye, kana kwashewa, dabbobi suna mutuwa. Nawa suke ba ka a waje?"

"Na layin bango ne, ranka ya daɗe. Da hannu nake ba su."

"Wa ya sa ka?"

Yaya ya ɗaga kai. Ya dubi Mai Gona, Mai Gona yana kallon ledojin. Taku ashirin ne daga inda suke tsaye zuwa layin bango, inda a cikin talatin ɗaya tak ya mutu. Ba wanda ya taka ya je ya ƙirga. Dogo ya sani, amma Dogo yana da 'ya'ya biyar da uwa a kwance, ya ga gemun ɗan'uwansa ya kama wuta ya shafa wa nasa ruwa. Kafin azahar an raka Yaya bakin ƙofa. Ledojin suka karɓe, cokalin suka jefa masa, wai ba kayan gona ba ne.

Labari irin wannan ba ya jiran a aike shi. Gonakin da ke kewaye duk dillalin abincin dabbobi ɗaya gare su, direbobin madara kuma bakinsu ba shi da murfi. Gona uku Yaya ya je, waɗanda a da suke aikowa a tambaye shi shawara, kowacce ta ce za a neme shi. A ta ukun mai gadi ya bi shi da ido har ya fita, yana kallon aljihunsa. Daga nan bai sake zuwa ko'ina ba. Na sa masa teburin guga a shagona, ya riƙa goge kayan da na ɗinka yana sa maɓalli. Lokacin yana da shekara arba'in da shida.

Na lura ba aikin ne ke cin sa ba. 'Yarsa, waccan mai ɗiban sukari, ta dawo daga makaranta da ido jajir, wata ta ce mata 'yar ɓarawon maganin shanu. Ranar ne ya faɗa min abin da yake so, sau ɗaya, yana kallon dutsen guga. So yake Mai Gona ya tsaya a filin da aka juye masa aljihu, gaban mutanen da suka gani, ya ce Cokali bai yi sata ba. Shi ke nan.

Na je gonar da kaina. Mai gadi ya hana ni shiga, na tsaya a bakin ƙofa na faɗi abin da ke raina har shanu suka ɗago kai. Ba abin da na samo sai faɗan Yaya, wai na zubar masa da mutunci. Na ce wane mutuncin, wanda suka rage maka? Ya ce in yi haƙuri, mai haƙuri yakan dafa dutse. Na ce dutsen kam na gani, romon nake jira.

Wata huɗu bayan nan Dogo ya shigo shagona da yamma, ya tsaya ya kasa haɗa ido da kowa. Ya ce mutuwar ba ta tsaya ba. An kori ɓarawo, ana zuba leda shida cif a tanki kullum, kuma an ƙara binne goma sha shida, har da na layin bango. Manaja ya kira kamfanin da ke sayar da garin ya ce kayansu jabu ne. Suka turo wata ma'aikaciyarsu, ta tsoma ma'aunin zafi a tankin, ta ɗauko kwalin ta nuna masa rubutun da yatsa, ta ce, "Ai dafa shi kuke yi."

Na yi dariyar takaici. Yaya ya ajiye dutsen guga ya ce, "Goma sha shida? Har da mai farin goshi?" Dogo ya gyaɗa kai.

Washegari direban Mai Gona ya zo da mota, karo na farko a shekara goma sha tara. Na tare ƙofar shago.

"Yaya, ba inda za ka sai ya faɗa tukuna. Yau su ke neman ka. In ka gyara musu, gobe ba su san ka ba."

"Auta, kafin a gama wannan cinikin wasu biyar sun tafi."

"Su tafi mana. Naka ne?"

Ya yi min kallon da yake min tun ina yarinya in na faɗi abin kunya, ya zagaye ni ya shiga motar.

Sati uku ya yi yana zuwa. Bai ce a jefar da tankin ba. Ya nuna musu a bar madara ta huce a ciki, a dama garin a kofi a zuba a ƙarshe. Ya sa aka raba maruƙa rumfa biyu, aka canja shimfiɗa, aka riƙa wanke tiyo da ruwan zafi bayan kowace shayarwa, ya ce nan ne wurin ruwan zafi. A sati na biyu mutuwa ta tsaya. Mai Gona ya riƙe hannunsa ya ce ranar Litinin, a taron safe, zai yi magana gaban kowa.

Na zauna na ɗinka masa sabuwar riga ruwan toka, na yi mata aljihun ƙirji mai zurfi daidai tsawon cokalin. Ranar Litinin na rufe shago na bi shi. Wannan karon mai gadi ya buɗe min har da gaisuwa.

Ma'aikata kusan arba'in ne a tsaye a filin. An kafa sabon allo a bangon rumfa, an rubuta matakan haɗa madara ɗaya zuwa shida, duk abin da Yaya ya yi shekaru yana yi, a ƙasa ga sa hannun Manaja. Mai Gona ya fito yana dogara sanda. Ya gode wa Allah, ya gode wa kamfani, ya gode wa Manaja da ya tsaya tsayin daka har aka gano bakin zaren. Aka tafa. Sannan ya juyo wajen Yaya. Na ga Yaya ya gyara tsayuwa.

"Shi kuma Cokali," in ji Mai Gona, "kowa ya ga ƙoƙarin da ya yi a 'yan kwanakin nan. Ɗan Adam ajizi ne. Abin da ya faru ya wuce, mun yafe masa. Gobe ya dawo bakin aikinsa."

Aka tafa fiye da na farko. Wasu har suka zo suna yi masa barka. Na buɗe baki, Yaya ya damƙe tsintsiyar hannuna da ƙarfin da sai da shatin yatsunsa ya kwana a jikina.

Da aka watse Mai Gona ya ja shi gefe, ni kuma na ƙi matsawa. Tsohon ya rage murya.

"Cokali, ni na sani, kai ma ka sani. Amma mijin 'yata ne. In na ce ba kai ba ne, na ce shi ne, gaban ma'aikatansa. Ka rufa min asiri. Zan ƙara maka albashi."

"Ranka ya daɗe," Yaya ya ce, "wanda ya yi laifi ake yafe wa. In na dawo gobe, na karɓa ke nan."

"To me kake so in yi?"

"Ba komai. Allah ya ƙara lafiya."

Bai nufi ƙofa kai tsaye ba. Ya shiga rumfa, ya tarar Dogo yana shirin zuba gari. An rataye sabon ma'aunin zafi a jikin tankin, amma Yaya ya tsiyayi madara a bokiti, ya naɗe hannun sabuwar rigar, ya tsoma gwiwar hannu. Ya ce wa Dogo ya ƙara minti biyar. Dogo ya ce to, ya so ya ƙara wata magana, Yaya ya riga ya juya. A ƙafa muka taka har titi.

Shekara biyu ke nan. An ce maruƙan gonar suna lafiya, baƙi suna zuwa suna ɗaukar hoton allon. A bakin direbobin madara kuwa labarin ya zauna yadda Mai Gona ya ajiye shi: wani tsohon ma'aikaci ya yi sata, aka yafe masa, girman kai ya hana shi dawowa. Ana cewa kowa ya ɗebo da zafi bakinsa. Ni dai na ga wanda ya ɗebo da zafi aka zuba a bakin wani, kuma ban yafe ba. Yaya yana nan a shagona. Gugarsa ba ta da na biyu, bai taɓa ƙona wa kowa kaya ba, don sai ya gwada zafin dutsen kafin ya ɗora. Zancen dabba kuwa ko na kaza ba ya yi.

Kwanan baya na biya gidansu da safe, matarsa ta haɗa min shayi ta turo min gwangwanin sukari. Na buɗe na ga cokalin a ciki, sukari ya daskare a bakinsa. Na ɗago na dube ta. Ta ce ba ita ba ce, nasu na sukari ne ya ɓata, Yaya ne ya ɗauko wannan da hannunsa ya sa.

Na kasa shan shayin. Na zaro cokalin na ɗauraye da ruwan da ya huce a tukunya, na ciro guntun farin yadi daga jakata na naɗe shi. Na samu Yaya a ƙofar ɗaki yana ɗaure igiyar takalmi, na miƙa masa. Ya karɓa, ya warware yadin, ya ninke shi ya ba ni abina, sannan ya miƙo min cokalin.

"Mayar da shi gwangwani, Auta," ya ce. "Yara ba su sha shayi ba tukuna."